Aikin sa-kai a ƙauyukan ƙetare: Abin da takardar shaida ba ta koya wa malamin Najeriya

A watan Oktoban 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kan Najeriya, wani katin wasiƙa ya tayar da ƙura a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Wata budurwa Ba'amurkiya, cikin rukunin farko na masu aikin sa-kai na Peace Corps da suka zo koyarwa, ita ce ta rubuta shi zuwa gida, tana bayyana kaɗuwarta da ƙazanta da koma bayan da ta ce ta tarar. Katin bai kai Amurka ba, sai ya faɗa hannun ɗalibai. Suka kwafe shi, suka rarraba, suka yi gangami suna kiran baƙin 'yan leƙen asiri. Budurwar ta ba da haƙuri, ta bar ƙasar.

Makonni kaɗan kafin nan, a ƙarshen watan Agusta, wasu 'yan uwanta sun sauka a Akara, babban birnin Ghana, suka tsaya a filin jirgi suka rera waƙa da harshen Twi. Bakinsu bai faɗa daidai ba, amma mutanen ƙasar sun ji daɗi, aka karɓe su hannu bibbiyu. Hukuma ɗaya ta turo su, a shekara ɗaya, da niyya ɗaya. Bambancin kawai yadda kowa ya ɗauki masu masaukinsa.

Wannan tarihi ya shafe mu, domin yau Najeriya ce ke tura nata 'ya'yan.

Mutum a madadin kuɗi

A 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Ministan Harkokin Waje Farfesa Bolaji Akinyemi ya kawo shawarar sauya salon taimakon da Najeriya ke bai wa ƙasashe 'yan uwa. Kuɗin da ake miƙawa kan ƙare ba a ga gurbinsa ba, talakan can ma bai san daga ina ya fito ba. Malami ko likita kuwa ana ganinsa kullum, ana kiran sunan ƙasarsa. Daga nan aka kafa shirin tallafin ƙwararru da aka fi sani da TAC, a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, aka kuma ƙarfafa shi da Doka ta 27 ta 1993.

Ƙasa ce ke rubutowa ta faɗi irin ma'aikatan da take buƙata, hukumar ta tantance masu nema, ta tura su na tsawon shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik. Najeriya ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da ta karɓa kuma ta ba da masauki. Ta wannan hanya malamai da malaman jami'a da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi sun yi aiki a Gambiya da Saliyo da Yuganda da Habasha da Namibiya, har Jamaika da Fiji. Ma'aikacin gwamnati ma yana iya shiga, idan wurin aikinsa ya amince ya sake shi.

Da yawa daga masu nema birni suke hange: jami'a ko babban asibiti, wuta da ruwa da intanet. Sai dai a kusan kowace ƙasa, inda aka fi ƙishirwar malami shi ne inda kwalta ta ƙare.

Ajin da ke can saman kogi

Mu ɗauki Gambiya, wadda ta daɗe tana karɓar ƙwararrun Najeriya. Siririyar ƙasa ce da ta bi gaɓar kogi, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina ban da bakin teku. Malamai sun fi son zama kusa da Banjul, har gwamnati ta ware ƙarin alawus ga duk wanda ya yarda ya je makarantun nesa, irin na yankin Basse da ke fiye da kilomita 300 daga babban birnin.

Malamin lissafi ko kimiyya da ya fito daga Zariya ko Bauci ba zai ji baƙunci a manhaja ba, domin ɗaliban sakandaren Gambiya jarrabawar WAEC suke rubutawa, kamar na Najeriya da Ghana da Saliyo da Laberiya. Baƙuncin yana wajen allo. Da Ingilishi ake koyarwa, amma yaron da ke gabansa da Mandinka ko Fulatanci ko Wolof ko Sarahule ya tashi, da shi kuma yake tunani. Malamin da bai iya ko gaisuwa da ɗayansu ba zai yi ta zuba bayani yara na gyaɗa kai, sai ranar jarrabawa ya gane shi kaɗai yake tafiya. Bafulatanin Adamawa ko Gwambe yana da ɗan sauƙi, don duk da karin harshen ya bambanta, zai tsinci gaisuwa da kalmomi da dama.

Sannan akwai kalandar gona. Ana buɗe makarantu a watan Satumba, ba a jima ba cirar gyaɗa ta kama, ita ce kuwa abin da magidanci ke sayarwa ya riƙe gidansa. Aji ya kan rage. Baƙon da bai fahimci haka ba zai ɗauko bulala, ko ya rubuta rahoton cewa iyaye ba su damu da ilimi ba. Wanda ya fahimta zai zauna da shugaban makaranta su shirya darasin cike gurbi bayan an kai amfani gida.

Ƙofar shiga gari

Aikin sa-kai ba ya ƙarewa da kaɗa ƙararrawar tashi. Ana sa ran baƙo ya taɓa rayuwar gari: ajin yaƙi da jahilci na manya, wayar da kai kan gidan sauro da tsaftar ruwan sha, jan hankalin iyaye su bar 'ya'ya mata su kammala karatu. A nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Kowane ƙauye a Gambiya yana da mai gari da ake kira alkalo, kalmar da tushenta ɗaya da alƙali na Hausa, sama da shi kuma akwai seyfo, kwatankwacin hakimi. Akwai liman, akwai kwamitin raya ƙauye, akwai ƙungiyoyin aikin gayya da Mandinka ke kira kafo, waɗanda na mata ke riƙe da lambunan rani da fadamun shinkafa. Makarantu da yawa kuma suna da ƙungiyar iyaye mata. Wanda ya tsallake waɗannan ya kira taro da kansa, benci zai yi wa jawabi. Wanda ya fara da gaishe da alkalo, ya nemi shawarar liman, ya bar shugabar mata ta faɗi maganar da bakinta, zai ga abin da ya yi wata uku yana bi ya tabbata a zama ɗaya.

Ba Afirka kaɗai ba. A ƙauyukan Fiji, baƙo ba ya shiga harkar gari sai ya kai wa sarkin ƙauye saiwar kava, a al'adar da suke kira sevusevu. Bahaushe da ya san darajar goro a zauren mai unguwa bai kamata wannan ya zame masa sabon abu ba. Abin tsoro shi ne ɗan boko ya bar wannan tarbiyya a gida, ya tafi da takardun shaida kaɗai, ya riƙa cewa “a Najeriya ba haka muke yi ba”. Wannan ma katin wasiƙar Ibadan ne, illa dai a yau Facebook ko WhatsApp ne zai kai shi kunnen masu masauki kafin gari ya waye.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga amfanin shiri. Daga 1962 har zuwa Janairun 2011, lokacin da matsalar tsaro ta sa aka janye su, Amurkawa masu aikin sa-kai sun zauna a ƙauyukan ƙasar. Kafin a kai kowa garinsa, sai ya yi makonni a gidan masu riƙo yana koyon Hausa ko Zabarmanci, a raɗa masa sunan gida. Duk hukumar da ke tura mutane karkara, ya kamata harshe ya zama farkon abin da za ta kashe wa kuɗi.

Me zai rage bayan tafiyarsa?

Baƙo raɓa ne. Shekara biyu kamar yau ce, kuma ma'aunin aikinsa shi ne abin da ke ci gaba bayan ya hau jirgi. Malamin da ya karɓe ajin ƙarshe shi kaɗai, ya fitar da sakamako mai kyau, ya tafi da dabarunsa a ka, ya bar makarantar inda ya same ta. Wanda ya jawo matashin malamin garin suka riƙa shirya darasi tare, suka haɗa kayan gwaji da gwangwani da batir da waya, ya rubuta komai ya ajiye a ofishin shugaban makaranta, shi ne ya bar gado. Haka rijiyar burtsatse ko ɗakin karatu: idan ba a naɗa mai kula ba, ba a kuma tsara inda kuɗin gyara zai fito ba, kango aka gina.

Gida bai ƙoshi ba?

Akwai masu tambaya, kuma da gaskiyarsu: ƙasar da asusun UNICEF ya ce tana da yara fiye da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta, ina ta ga rarar malaman da za ta kai dawa? Amsar tana ga yadda aka karɓi wanda ya dawo. Mai aikin sa-kai ba ɗan ci-rani ba ne. Wa'adinsa a rubuce yake, kuma gida zai komo. Mutumin da ya koyar babu wutar lantarki, ya koyi sabon harshe da girmansa, ya iya shawo kan dattawan da ba su san shi ba, shi ne ainihin wanda hukumomin ilimin bai-ɗaya da na ilimin makiyaya ke nema. Idan aka mayar da shi tsohon teburinsa, aka cusa rahotonsa a kabad, to kuɗin ƙasa sun tafi a banza.

Wannan kuwa a hannun ma'aikatan Abuja yake: mai rubuta takardar sakin ma'aikaci, mai tsara horon share fage, mai ba minista shawara kan inda za a ajiye wanda ya dawo. Shi kuma mai niyyar cike fom, kafin ya lissafa alawus, ya tambayi kansa ko zai iya zama a kan tabarmar alkalo ya saurara har a gama, ba tare da ya ce ga yadda ake yi a garinsu ba.