Wa ke kula da tsabtar gari?

Da asuba, tun kafin ku tashi zuwa makaranta, akwai mutane a bakin aiki cikin garin Maraɗi. Wasu na riƙe da tsintsiya, suna sharar bakin titi da kewayen kasuwa. Wasu na tara shara da shebur da manjagara. Daga nan amalanken jaki ko babbar mota ta kwashe ta zuwa juji a bayan gari. Waɗannan su ne ma'aikatan tsabta.

Wa ya sa su wannan aiki? Ma'aikatar magajin gari ce, wadda mutane ke kira meri. Ita ke da nauyin sharar tituna da kasuwa da tasha, da yashe magudanan ruwa. Ita ce kuma ke kula da filayen gari. Tana sa a cire ciyawa, a sassabe rassan da suka tare hanya, a ba itatuwan da aka dasa ran 3 ga watan Agusta ruwa, a kuma kewaye su don kada awaki su cinye.

A shekarar 2004 ne aka zaɓi wakilan majalisun garuruwa a ko'ina cikin ƙasar Nijar. Wakilan su ke zaɓen magajin gari, su kuma bincika aikinsa. A 2024 gwamnati ta rushe majalisun, ta naɗa kantomomi a madadinsu. Amma aikin tsabta yana nan a hannun meri.

Shara ba ta kwasuwa a banza. Sai an biya ma'aikata, an sayi kayan aiki, an zuba wa mota mai. Kuɗin suna fitowa daga harajin da iyayenku ke biya, da na tikitin kasuwa. Ke nan kuɗin jama'a ne, dole a san inda suka shiga.

Shi ya sa hukumar gari ke sa ido. Da farko tana ware kuɗin tsabta na shekara. Wani lokaci takan ba wata ƙungiyar mata ko ta samari aikin wata unguwa, a rubuta yarjejeniya: ga titunan da za a share, ga ranakun kwasar shara, ga ladan aiki. Bayan haka sai ta aika masu dubawa. An share titi? An kwashe shara a kan lokaci? Ma'aikata sun samu haƙƙinsu? In aiki bai yi ba, a ja kunnen mai shi, ko a ba wani. Masu unguwanni su ma suna kai kukan mutanensu.

Me ke faruwa in aka yi sakaci? Shara da leda su toshe magudana. Da damina ta sauka, ruwa ya rasa hanya, ya shiga gidaje, ya kada katangun ƙasa. Inda ruwa ya kwanta, nan sauro ke yin ƙwai. Cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ƙwan ya zama sauro mai cizo, mai kawo masassara. Ƙuda kuma ya tashi daga juji ya sauka a kan abinci. Ƙazanta in ta shiga ruwan sha tana kawo kwalara, wato amai da zawo, kamar yadda aka gani cikin jihar Maraɗi a 2018.

Dabbobi ma ba su tsira ba. Akuya in ta haɗiye leda, ledar ba ta narkewa cikin tumbinta. Sai ta yi ta ramewa har ta mutu. A 2014 an kafa dokar hana shigo da leda maras kauri da sayar da ita a Nijar, amma har yanzu tana maƙale a ƙayoyi da magudanai.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Komi ƙoƙarin meri, ba ta iya bin kowane gida. Ku share ƙofar gidanku da filin makarantarku. Kada ku zuba shara cikin magudana. In za ku kasuwa, ku tafi da kwando. In kun ga juji ya cika ba a kwashe ba, ku faɗa wa iyayenku su sanar da mai unguwa. In kun gamu da mai shara da safe, ku gaishe shi da "sannu da aiki".

Tambayoyi

1. Wace ma'aikata ce ke kula da tsabtar gari?
2. Daga ina kuɗin aikin ke fitowa?
3. Me masu dubawa ke bincikawa?
4. Ina ake zuba shara a unguwarku? Wa ke kwashe ta?