Yadda Likita Ke Rubuta Magani Ta Kwamfuta

Rubuta magani ta kwamfuta tsari ne da likita ke shigar da umarninsa cikin na'ura, saƙon ya isa ɗakin magani tun kafin majinyaci ya tashi daga kan kujera. Mutumin Mashi ya fi cin karo da shi idan ciwo ya yi tsanani aka tura shi manyan asibitocin birni, a Katsina ko Kano, inda lambar kati ta fara maye gurbin fayil.

Da lambar ake buɗe bayanan majinyaci. Likita ya zaɓi magani daga jerin da ke cikin na'urar, ya sa ƙarfinsa, da sau nawa za a sha a rana, da yawan kwanaki. Idan tsarin mai kyau ne, zai yi gargaɗi in jikin mutum ba ya karɓar penisilin, ko in sabon maganin bai jituwa da na hawan jinin da yake sha. Ga yara, da nauyinsu ake lissafin awo. Mai haɗa magani ya sake dubawa, a biya kuɗi, a miƙa. An huta da rubutun likita mai kama da tafiyar tsutsa, wanda kan sa a ba da wani magani a madadin wani.

Amma na'ura ma tana da nata kurakuran. Sunaye masu kama da juna suna jere, hannu na iya zamewa. Gargaɗi kuma idan ya yi yawa, likitan da layi ya cika wa ƙofa sai ya riƙa wuce shi bai karanta ba.

A Ingila, wadda ta fara tsarinta a 2005, saƙon na zuwa kantin maganin da majinyaci ya zaɓa. Jihar New York ta Amurka ta wajabta shi a 2016, musamman don daƙile takardun jabu na ƙwayoyi masu sa maye, irin su tiramol da kodin da Arewa ta san matsalarsu. A nan Arewa kuwa, galibi tsarin bai ƙetare katangar asibiti ba. Ranar da wuta ta ɗauke ko sabis ya tsaya, biro ake komawa. In kuma aka ce babu maganin, takarda majinyaci zai karɓa ya nufi kemis, ko a birni ko can gida Mashi, kuma abin da aka ba shi a can ba zai shiga bayanansa ba.