Ƙidayar Masu Sana'a

Ran kasuwa ku tsaya bakin hanya da sassafe, ku duba masu wucewa. Ga maƙeri ɗauke da fatanya da lauje. Ga mahauci, ga wanzami da zabirarsa, ga mai shayi yana hura wuta. Ga ɗan acaɓa ya ɗauko buhun gero, ga yarinya da tiren ƙuli-ƙuli a ka. Duk waɗannan aiki su ke yi, da shi su ke ci da iyalinsu. Amma da wuya ku sami ko ɗaya da sunansa ke rubuce a wani ofis. Ba su da albashin wata, ba su da fansho.

To, yaya gwamnati za ta san yawansu? Abin da za mu karanta yau ke nan.

Aiki iri biyu

Masu lissafin ƙasa sun raba aiki kashi biyu. Na fari shi ne aikin da ke cikin rajista, kamar na malamin makarantar gwamnati, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin banki. Akwai takarda tsakaninsa da wanda ya ɗauke shi. Ana ajiye masa kuɗin fansho. In ya yi ciwo ya kwanta, albashinsa ba ya tsayawa. Yawan irin waɗannan ba shi da wuyar sani, sai a buɗe littafin albashi a ƙirga.

Na biyu shi ne aikin da ba ya cikin rajista, watau irin namu na ƙauye da na kasuwa. Mai sana'a bai yi wa sana'arsa rajista ba, ba ya kuma ajiye littafin lissafi. Kuɗin gida da kuɗin sana'a aljihunsu ɗaya. Ran da bai fita ba, ran nan babu.

Akwai wani abu kuma. Mutum ya kan yi aiki a babban kamfani mai rajista, amma a matsayin lebura na yini, ba fansho, ba hutu mai biya. Shi ma aikinsa cikin kashi na biyu a ke sa shi. Haka yaron gida, haka ɗan da ke taya ubansa jiran shago ba a biyansa.

Yadda aka fara lura

A dā masu lissafi aikin albashi su ka fi kula da shi. Wanda ba shi da albashi sau da yawa sai a ɗauka zaman banza ya ke yi. Wani Bature ɗan Ingila, Keith Hart, ya zauna a unguwar Nima cikin Accra, babban birnin Ghana, wanda fatakenmu ke kira Ankara. Nima zango ce, Hausa a ke yi a cikinta ƙwarai. Ya ga mutanen da su ka zo daga arewacin Ghana, waɗanda a takarda ba su da aiki, amma kullum suna cikin nema: wannan dako, wancan talla, wancan gyaran kaya. A 1971 ya bayyana wa masana abin da ya gani. A 1972 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi bincike a Kenya, ta ga haka nan.

Daga nan sai aka shiga neman ma'auni. Masu lissafin ƙasashe su kan taru a Jeniba, cikin ƙasar Suwizalan. A taron 1993 su ka daidaita a kan yadda za a gane sana'ar da ba ta rajista. A na 2003 su ka ƙara da leburan da ba shi da kariya, ko da kamfaninsa na da rajista. A 2023 su ka sake gyara ma'aunin. Rahoton da ƙungiyar ta fitar a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan dubu biyu a duniya irin wannan aiki su ke yi, watau fiye da 61 cikin kowane 100 na masu aiki. A Afirka kuwa kusan 86 ne cikin 100.

Yadda a ke ƙirgawa

Ba a iya shiga kowane gida a ƙasar nan kowace shekara. Amma ku tuna da mai miya. Ba ta shanye tukunya don ta ji ko gishiri ya ji. Ta kan motsa ta sosai, sa'an nan ta ɗanɗana kaɗan. Haka Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi a Nijeriya. Ta kan zaɓi wasu gidaje a kowace jiha, na birni da na ƙauye, ta aika malamai su yi tambaya. In an zaɓi gidanka, ba laifi ka yi ba. Amsarka tana tsayawa a madadin gidaje masu yawa irin naka.

Cikin sabon tsarin hukumar, ana tambayar duk wanda ya kai shekara 15. Ana kuma zagayawa duk tsawon shekara, don aikin damina daban, na rani daban. Wanda aka tarar a gona cikin Agusta, watakila cikin Maris yana Kano wajen cin rani.

Babbar tambaya ita ce, cikin kwana bakwai da su ka wuce, ka yi wani aiki don samun kuɗi ko riba, ko da na awa ɗaya ne? In ka ce i, sai a bi da wasu. Wace irin sana'a? Awa nawa? Tana da rajista? Ana ajiye maka fansho? Manomin da ke noma don cin gidansa kaɗai, ba don sayarwa ba, ana rubuta shi daban.

Lissafin da ya ba mutane mamaki

Hukumar ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai 33 cikin 100, watau mutum ɗaya cikin uku. A 2023 sai ta ce na farkon shekarar 4 ne cikin 100 da ɗan ɗoriya. Mutane da yawa su ka yi gunaguni, su ka ce ina aikin ya ke? Ma'auni ne aka sake. A tsohon ma'auni, wanda bai cika awa 20 yana aiki a mako ba, marar aiki a ke ce masa. A sabo kuwa awa ɗaya ta isa. In ka auna gero da tiya, gobe ka auna da ƙaramin mudu, lissafi zai bambanta, amma geron bai ƙaru ba.

Kada mu tsaya a kan wannan 4 ɗin. Talaka ba shi da halin zama ba nema, don ba wanda zai ciyar da shi. Lissafin da ya fi nuna halinmu shi ne wannan: a farkon 2023, fiye da 92 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya aikinsu ba ya cikin rajista. Wajen 12 cikin 100 kuma aikin bai ishe su ba, suna neman ƙari.

Inda lissafi ke ɓacewa

Wuri na fari cikin gida ne. Malami ya yi sallama, maigida ya fito zaure. An tambaye shi sana'ar matarsa, sai ya ce ba ta aiki, tana kulle. Alhali kuwa ita ke dama furar da rabin unguwa ke sha, tana soya ƙuli-ƙuli, tana kitso, tana kiwon awaki. Wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta ga yawan cinikin da mata ke yi daga cikin gida, yara na kai musu talla, har ta yi rubutu a kansa a 1969. Wannan duk aiki ne. In akwai malama cikin masu tambaya, ku bar ta ta shiga ta ji daga bakin matan.

Na biyu tsoro ne. Kakanninmu sun san ƙidaya da haraji da jangali tare su ke tafiya, shi ya sa har yau wasu ke ɓoye sana'arsu. Mai ƙididdiga ba mai karɓar haraji ba ne. Doka ta hana shi bayyana abin da mutum ɗaya ya faɗa masa. Jimla kaɗai a ke bugawa, ba suna. Ku nemi ya nuna katin shaidarsa, in kuna shakka ku tambayi mai gari. Kada kuma ku ba kowa ko kwabo.

Na uku mantuwa ce. Mutum ya yi noma, ya yi dillanci, ya yi gini, amma noma kaɗai zai ambata.

Abin da ya rage namu

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. In mun yi shiru, masu tsara rance da rumfunan kasuwa da inshorar lafiya za su yi tsarinsu kamar ba mu nan. Faɗin gaskiya ba zai kawo hanya ko asibiti gobe ba, amma wanda ba a san da shi ba, ba a yanka masa rabo.

Yanzu kun fara iya rubutu da lissafi. Kowa ya sami ɗan littafi. Kowace yamma ya rubuta aikin da ya yi, da awa nawa, da abin da ya kashe, da abin da ya samu. Ran da malamin ƙididdiga ya zo, amsa na hannu. Ko bai zo ba, kai ka san ribarka.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin aikin da ke cikin rajista da wanda ba ya ciki?
2. Don me a ke zagayawa rani da damina?
3. Me ya sa lissafin marasa aiki ya sauko daga 33 zuwa 4?
4. Rubuta sana'o'in da a ke yi cikin gidanku, na maza da na mata.