Bayan sauya bawul ɗin zuciya: yadda ake daidaita maganin hana daskarewar jini

Wanda aka yi wa tiyata aka sa masa bawul na ƙarfe a zuciya yakan bar asibiti da abubuwa biyu da za su bi shi har ƙarshen rayuwarsa: wata 'yar ƙara mai kama da ta agogo da yake ji a ƙirjinsa idan dare ya yi tsit, da ƙwayar warfarin da zai riƙa sha kullum. Ƙarar ba ta da illa, hasali ma alama ce ta cewa bawul ɗin yana aiki. Ƙwayar ce mai wuyar sha'ani, domin idan ta yi kaɗan jini zai daskare a kan bawul, idan ta yi yawa kuma jini zai ɓalle a inda ba a so.

Batun ya shafi Najeriya ta wata fuska ta musamman. A Turai da Amurka tsofaffi ne aka fi sauya wa bawul. A ƙasashen Afirka kuwa akasarin masu buƙatar aikin matasa ne da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, wanda ba a yi masa magani da kyau ba, ya rikiɗe ya lalata musu bawul. Bawul ɗin da ake yi da naman alade ko na saniya yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, kuma ya fi saurin lalacewa a jikin matashi, shi ya sa likitoci kan karkata ga na ƙarfe. Tun 1974 aka fara tiyatar buɗe zuciya a ƙasar nan, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu, amma har yanzu marasa lafiya da dama a Indiya ko Masar ake yi musu aikin, su dawo gida inda babu wanda ya san tarihinsu sai takardar sallamar da ke hannunsu.

Jama'a na kiran warfarin maganin tsinka jini, sai dai ba ya mayar da jini ruwa-ruwa. Hanta ce ke ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare, kuma tana buƙatar bitamin K kafin ta kammala guda huɗu daga cikinsu. Warfarin yana tare wa hanta hanyar amfani da wannan bitamin, sai daskarewar ta yi jinkiri. Saboda sinadaran da aka riga aka ƙera suna nan a jini, sauyin adadin magani ba ya bayyana a gwaji sai bayan kwana biyu ko uku, ba ya kuma zama daram sai wajen mako guda. Wanda ya ƙara ƙwaya yau, ya sake ƙarawa gobe don bai ga sauyi ba, zai tarar da sakamakon duka biyun a haɗe bayan 'yan kwanaki.

Ma'aunin da ake dogaro da shi shi ne gwajin jini na INR. A jikin wanda ba ya shan maganin lambar tana kusa da 1. Mai bawul na ƙarfe a bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, wato awota, galibi ana so lambarsa ta tsaya tsakanin 2.0 da 3.0. Mai bawul na ƙarfe a gurbin mitral, wanda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya, ana ɗaga masa zuwa tsakanin 2.5 da 3.5, saboda jini ya fi tafiya a hankali a wurin kuma ya fi saurin yin guda. Likitan zuciya kan sauya wannan iyaka gwargwadon irin bawul da yanayin mara lafiya, don haka ya kamata kowa ya san tasa lambar kamar yadda ya san lambar wayarsa. Wanda aka sa wa bawul na naman dabba kuwa sau da yawa wata uku zuwa shida kawai yake shan maganin, sai fa idan yana da wata larura kamar rikicewar bugun zuciya.

Jiki ba ya faɗa wa mutum inda lambarsa take. Mai INR 1.5 da mai 5 duk suna iya tashi garau su tafi kasuwa. Shi ya sa ake gwaji duk bayan 'yan kwanaki a makonnin farko, sannan mako-mako, sannan kamar sau ɗaya a wata idan lambar ta zauna. A nan ne nisan asibiti da kuɗin mota ke kayar da mutane da yawa: sai a ci gaba da shan adadin da aka rubuta ranar sallama wata da watanni ba tare da gwaji ba. Akwai ƙananan na'urori irin su CoaguChek da ke auna INR da ɗigon jini daga yatsa, kuma iyalai ko ƙaramin asibiti da ke iya mallakarsu sun rage wa kansu wahala, muddin likita ne ke yanke hukunci a kan adadin magani.

Abinci ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Ganyaye kore irin su alayyafo, zogale, ugu da kabeji suna ɗauke da bitamin K, kuma yawan cinsu kan sauko da INR. Daga nan ne wasu ke haramta wa mara lafiya miyar ganye gaba ɗaya, abin da ba shi ake nema ba. Abin da ake nema shi ne daidaito: mai cin kwaɗon zogale sau uku a mako ya ci gaba da haka, a daidaita masa magani a kan wannan ɗabi'a. Haɗarin yana ga sauyi na farat ɗaya, kamar wanda ya yi rani ba ya ganin ganye sai damina ta sauka ya shiga ci safe da yamma, ko wanda aka tallata wa garin zogale ya fara sha cokali-cokali a koko. Azumin Ramadan ma sauyi ne na cima. Da yake sau ɗaya ake shan ƙwayar a rana, ana iya mayar da ita bayan buɗa baki, amma ya dace a shawarci likita kafin watan ya kama, a kuma ƙara gwaji a cikinsa. Zazzaɓi, gudawa da rashin cin abinci na kwanaki kan ɗaga lambar, haka ma shan barasa da yawa.

Magunguna sun fi abinci haɗari, musamman a ƙasar da ake sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da takardar likita ba. Flagyl da Septrin, waɗanda ake sha don ciwon ciki ko tari ba tare da dogon tunani ba, suna iya harba INR sama cikin 'yan kwanaki. Haka fluconazole da ciprofloxacin da amiodarone. Rifampicin na cikin magungunan tarin fuka yana yin akasin haka: yakan sa hanta ta cinye warfarin da sauri har lambar ta faɗi, sannan ta sake hawa bayan an gama shansa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da Feldene suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki ko da lambar ba ta motsa ba. Asfirin ma ba a haɗa shi da warfarin sai da umarnin likitan zuciya. Farasitamol ya fi aminci, ko da yake shansa da yawa kwanaki a jere na iya ɗaga lambar. Jiƙo da sauran haɗe-haɗen gargajiya kuwa ba a san abin da ke cikinsu ba balle a lissafa tasirinsu, don haka barinsu ya fi.

Akwai kuma tarkon launin ƙwaya. A tsarin Ingila ƙwaya mai miligiram 1 ruwan ƙasa ce, mai 3 shuɗiya, mai 5 ruwan hoda. A tsarin Amurka kuwa ruwan hoda ita ce mai miligiram 1. Tunda kasuwar Najeriya tana karɓar magani daga ƙasashe daban-daban, wanda ya saba da launi kawai yana iya shan ninki biyar na abin da aka rubuta masa, ko kashi ɗaya cikin biyar. Lambar da ke jikin kwali ce abin dubawa. Idan an manta da sha aka tuna a ranar, sai a sha; idan har gari ya waye, a bar wanda ya wuce, kada a ninka.

Wasu kan tambayi dalilin da ya sa ba za a koma sababbin magunguna irin su rivaroxaban, apixaban da dabigatran ba, tunda ba su buƙatar gwaji akai-akai. An gwada dabigatran a kan masu bawul na ƙarfe a binciken RE-ALIGN da aka wallafa a 2013, aka dakatar da shi kafin lokaci saboda daskarewar jini da zubarsa duk sun fi yawa a kan na masu shan warfarin. Don haka ba a ba mai bawul na ƙarfe waɗannan magunguna, komai sauƙinsu.

Ga mata matasa, juna biyu ne babban batu. Warfarin na iya yi wa ɗan tayi lahani, musamman daga mako na 6 zuwa na 12, amma daina shi kai tsaye na iya toshe bawul ya halaka uwar. Likitoci kan duba adadin da take sha su zaɓi ko a ci gaba da shi ko a koma allurar heparin a wasu matakai, kuma wannan shiri ne da ake yi tun kafin a ɗauki cikin. Shayarwa ba ta hana shan warfarin.

Duk wani abu da zai fitar da jini sai an sanar da mai yinsa: cire haƙori, tiyata, allurar tsoka. Ƙaho, tsaga da cire beli a wurin wanzami ba su dace da mai shan wannan magani ba. Haka kuma ba a dakatar da shi don wani ƙaramin aiki sai da tsarin likita.

Alamomin da ke buƙatar zuwa asibiti nan take su ne haɓo ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa, fitsari ja, bahaya baƙi kamar kwalta, aman jini, jinin al'ada mai yawa fiye da yadda aka saba, da matsanancin ciwon kai, musamman bayan faɗuwa ko haɗarin babur ko da babu rauni a waje. A ɗaya ɓangaren, karkacewar baki, sarƙewar magana, mutuwar hannu ko ƙafa, sabon haki, ko dusashewar ƙarar bawul na nuna mai yiwuwa gudan jini ya samu. Asibiti na da bitamin K da ruwan jini da ake mayar da lambar da su idan ta haura, kuma aikin ma'aikata yakan yi sauri idan mara lafiya ya zo da kati ko ɗan littafi mai ɗauke da irin bawul ɗinsa, iyakar INR da aka sa masa, adadin da yake sha da sakamakon gwajinsa na baya-bayan nan.