Mene Ne Kisan Ƙare Dangi?

Kisan ƙare dangi shi ne a tasam ma wata al'umma da nufin shafe ta daga doron ƙasa saboda asalinta kawai. Wani lauya Bayahude, mutumin ƙasar Folan, mai suna Raphael Lemkin, shi ya raɗa wa wannan laifi suna a 1944, sa'ad da 'yan Nazi ke karkashe Yahudawa a Turai. Shi kansa ya rasa danginsa da yawa a ciki.

Ran 9 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana wannan laifi. Ta lissafa ayyuka biyar: kashe mutanen wata al'umma, yi musu mummunan lahani a jiki ko a hankali, ƙuntata musu rayuwa yadda za su ƙare, hana su haihuwa, da kwashe 'ya'yansu da ƙarfi a ba wasu. Al'ummar kuwa ta zama ta ƙasa, ko ƙabila, ko launin fata, ko addini. Babban sharaɗi shi ne niyya. Watau kome yawan gawawwaki, sai an tabbatar an yi nufin ƙarar da al'ummar, duka ko wani sashe nata.

To, me ya sa gwamnatoci ke tsoron furta kalmar? Dalili shi ne duk ƙasar da ta sa hannu ta ɗauki alkawarin hana laifin. A 1994 masu tsattsauran ra'ayi daga ƙabilar Hutu a Ruwanda suka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100, galibinsu 'yan Tutsi. Ana cikin kisan jami'an Amurka suka yi ta kauce wa kalmar, Majalisa kuma ta rage sojojinta. Sai a 1998 kotun da aka kafa a Arusha ta sami Jean-Paul Akayesu, magajin garin Taba, da wannan laifi. Shi ne na farko da wata kotun duniya ta hukunta a kansa.

Musu kuma ba ya ƙarewa da wuri. Turkiyya ta ƙi yarda a kira kisan Armeniyawa na 1915 da wannan suna, ta ce asarar yaƙi ce. Jamus kuwa sai 2021 ta amsa a hukumance abin da ta yi wa Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908.

Don kada a manta, kowace shekara ran 7 ga Afrilu Ruwanda takan shiga makoki. 'Yan'uwana ɗalibai, mu tuna wani gidan rediyo a can ya daɗe yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai. Duk ranar da muka ji ana kiran wata ƙabila da sunan ƙwari, lalle mu tsawata tun da wuri, gama rigakafi ya fi magani.