Kafin ka sayar da gero ka sayi abincin jarirai na gwangwani

Hoton jariri ɓul-ɓul a jikin gwangwani talla ce kawai. Juya bayansa ka duba jerin kayan haɗi: wanda aka fara rubutawa shi ya fi yawa. In sukari na sahun gaba, ajiye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan ba yara 'yan ƙasa da shekara 2 abinci mai yawan sukari.

Bayan wata 6 na nonon uwa zalla, koma rumbunka. Auna gero ko dawa kofi 6, waken suya 3, gyaɗa 1. A tsince masu fumfuna, a soya, a niƙa tare. Uwargida ta dama kunu mai kauri, ta ƙara ƙwai ko garin kifi, ta ci gaba da shayarwa.