Kazar ƙanƙara: yadda za a adana ta a ƙasar da wuta ke ɗaukewa

A Gesheme da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Tibiri har Dogondutsi, an saba da kazar gida: a kama, a yanka, a fige, a dafa a ranar. Kazar ƙanƙara kuwa, wadda ake saye a shagon mai firiza, ta yi doguwar tafiya kafin ta iso hannun uwargida, kuma ba wanda ya san sau nawa ta narke a hanya. Naman kaza abinci ne mai gina jiki da muke so a riƙa bai wa yaro tun daga wata 6, amma idan ya lalace zawo yake jawowa, zawo kuma shi ne babbar ƙofar tamowa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela, yana dai tsayar da yaɗuwarsu. Da zarar naman ya ɗumama, sai su farfaɗo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tsakanin digiri 5 da 60 ne suke hayayyafa da sauri. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Arewa, ɗanyen nama bai kamata ya wuce awa ɗaya a waje ba.

A firizar da ke riƙe digiri 18 ƙasa da sifiri ba yankewa, kaza sukutum tana kaiwa wata 12 da ingancinta, yankakkiya wata 9, hanta da ƙundu wata 3 zuwa 4. Amma wannan lissafi na inda wuta ke tsayawa ne. A wurinmu, shawararmu ita ce a sayi abin da za a dafa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Idan wuta ta ɗauke, kada a buɗe firiza. Cikakkiya tana riƙe sanyi kusan awa 48, wadda ke rabi awa 24, firigo kuwa awa 4 kacal. Saboda haka mai shago ya cike gurbin da ya rage da robobin ruwa daskararru. Bayan wuta ta dawo, a duba: in har da sauran ƙanƙara a jikin naman, ana iya mayar da shi, ko da yake zai rage daɗi. In ya saki gaba ɗaya ya ɗumama, a zubar. Mun san zubar da nama ba abu ne mai sauƙi ba a gidan da aka tara kuɗinsa da ƙyar, sai dai jinyar yaro ta fi kazar tsada. Kuma hanci ba alƙali ba ne, domin naman da ke ɗauke da cuta yana iya zama ba wari.

Wurin saye, a taɓa: ya zama tauri kamar dutse. Jini daskararre a gindin leda, ko gutsattsarin da suka manne suka zama dunƙule, alama ce ta cewa ya taɓa narkewa.

Kada a narkar da kaza a rana. A sa ta cikin leda ɗaurarriya a ruwan sanyi mai tsabta, ana canza ruwan kowane minti 30, sannan a ɗora ta a wuta nan take. A wanke hannu da wuƙa da akushi da sabulu kafin a taɓa abincin yaro. A dafa har ruwan naman ya fito fari, ba ja a jikin ƙashi. Abin da ya kwana, a sake tafasa shi sosai kafin a ci.

Yaron da ya kamu da zawo ko amai bayan cin nama, a ci gaba da shayar da shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa a ranar.